Yadda Muka Ƙidaya Itatuwan Gonakin Maraɗi

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa a ƴan shekarun nan ya ga itatuwa cikin gonaki, dama da hauni, har inda ido ya tsaya. Dattawan da suka san hanyar a shekarun 1980 suna cewa a lokacin tun daga nesa ake hango rumbunan gari, don babu abin da zai tare gani in ba ƙura ba. Masana irin su Gray Tappan da Chris Reij da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou sun gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000, suka ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar, musamman na jihohin Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kuma ba dashe aka yi ba. Kututturan da ke cikin gona aka bari suka toho.

Ni fannina nazarin tsirrai ne da yadda suke zama da muhallinsu. Da lokacin zaɓen batun binciken digiri na uku ya yi, wannan adadi ne ya tsaya mini a rai. Hoton sama yana nuna maka inuwa, har ya ba ka yawan itatuwa, amma ba zai gaya maka wane icce ne ba, ko tsoho ne, ko yana da ƙanana a ƙasa da za su gaje shi. Abin da nake son sani shi ne: itatuwan da suka dawo, su ne waɗanda farin 1973 da na 1984 suka tafi da su, ko wasu ne suka maye gurbinsu? In akwai waɗanda ba su dawo ba, ruwan sama ne ya hana su ko gatari da bakin akuya? Wannan ba a ofis ake samun amsarsa ba. Sai an shiga gona an bi icce ɗaya bayan ɗaya da abin awo.

Da zaɓen garuruwa muka fara, ni da malamin da ke duba aikina a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Jihar Maraɗi ta dace da irin wannan bincike, domin ruwa yana raguwa ne sannu a hankali in ka tashi daga kudu ka nufi arewa. Wajen Madarunfa, kusa da iyakar Najeriya, damana mai kyau tana haura milimita 600. Birnin Maraɗi yana samun wajen 500. Can arewacin Dakwaro, inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa, da ƙyar ake kai 300. In ka jera garuruwa a kan wannan layi, za ka ga yadda icce iri ɗaya ke rayuwa da wadatar ruwa da kuma ƙarancinsa. Muka kuma lura da ƙasa, kada mu haɗa jigawa da geza da fadama a lissafi ɗaya. Ga kuma yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum miliyan 3.4, kuma a kudu saura ta kusa ƙarewa, gona tana manne da gona. Wasu wuraren da muka so aunawa a gefen dajin Baban Rafi dole muka haƙura da su saboda ƴan bindigar da suka addabi yankin iyaka.

Takardu ba su ɗauki dogon lokaci ba: wasiƙar jami'a, sa hannun ofishin muhalli, gaisuwa wurin magajin gari da sarkin yanki. Izinin da ya fi wuya na mai gona ne.

A garin farko, bayan an shimfiɗa mana tabarma a zauren maigari an kawo ruwa, na yi bayani. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne daga jami'ar Maraɗi. Itatuwan gonakinku nake son in ƙidaya in auna, in kun yarda." Ya daɗe yana kallon igiyar awon da ke gefena kafin ya ce, "Ɗana, in ka gama ƙidayar wa za ka kai wa? Haraji za a aza mana, ko za a ce iccen ba namu ba ne?"

Tambayar tana da tushe, kuma duk mai shiga wannan aiki ya kamata ya san tushen. Tun dokar dazuzzuka ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da dokar 1974 da ta biyo ta, an ɗauki icce a matsayin kayan hukuma. Akwai jerin itatuwan da aka hana taɓawa, gawo na cikinsu, kuma ko a gonarka ya tsiro, in ka sare reshe ba takarda ma'aikacin gandun daji zai ci ka tara. Sakamakon haka manomi ya koyi tumɓuke tsiron gawo tun yana ƙarami, kafin ya zame masa rigima. An fara sassauta lamarin da kundin dokokin karkara na 1993 da dokar dazuzzuka ta 2004, sai a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta fayyace haƙƙin manomi a kan iccen da ya raya a gonarsa. Amma tsoron da aka shekara sittin ana shukawa ba ya fita da takarda ɗaya. Na yi wa maigari alkawari biyu: ba za mu rubuta sunan kowa a jikin wani icce ba, kuma in an gama zan dawo wannan zaure in faɗi abin da na gani. Ya haɗa mu da wani dattijo da ya san iyakar kowace gona da sunan kowane tsiro. In ba don wannan dattijo ba da rabin aikin bai yiwu ba.

Tsarin awon haka yake. Daga bakin gari muke jan layi huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, har zuwa inda gonakin garin suka ƙare. A kan kowane layi, bayan kowace mita 300, sai mu yanki fili mai faɗin mita 50 tsawon mita 50, wato rubu'in hekta. Dalilin jan layi daga gari shi ne gonakin kusa da gida suna samun taki da idon mai su, na nesa kuwa su ne ɓarayin icce ke shiga da dare. Don kusurwa ta miƙe muna amfani da dabarar magina, igiya mai ƙulli a mita 3 da 4 da 5. A kowace kusurwa a kafa turke a ɗaura tsumma, a tsakiya kuma in ɗauki lambar wurin da na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, don ko bayan shekara goma a iya dawowa daidai nan.

Sai a bi itatuwa. Na yanko sanda mai tsawon mita 1.30, wato daidai ƙirjin babban mutum, don a nan ne mafi yawan masana suka yarda a riƙa auna kaurin icce. In jingina sandar a gindi, in zagaya jikin iccen da tef ɗin tela, in faɗi lamba, abokin aikina ya rubuta ya maimaita da ƙarfi don kada a samu kuskuren ji. Daga baya a raba da 3.14 a sami faɗin gangar. Tsawo kuwa, in gajere ne da gora mai alama, in dogo ne da ƴar na'urar auna kusurwa. Sai faɗin inuwa sau biyu, gabas zuwa yamma, kudu zuwa arewa. Sannan a duba lafiyarsa: an sassaƙe ɓawo don magani? An datse rassa don dabbobi? Akwai kauci a kansa? Gara ta shiga?

Gawo da aduwa ba su da wuyar awo, ganga ɗaya ce a tsaye, sai dai ƙaya da cinnaku. Sabara ce mai cin lokaci. Gindi ɗaya sai ya fito da rassa barkatai, ba wanda ya kai ƙirji da kauri, don haka dole a durƙusa a auna kowanne a santimita 20 daga ƙasa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rairayi yana ƙona gwiwa ta cikin wando, ganyen sabara mai toka-toka yana goga maka ƙura a fuska, kai kuma kana laluben reshe na gaba kada ka auna ɗaya sau biyu. Mukan fita bayan asuba mu tsaya kafin azahar. Bayan nan ba mai iya rubuta lamba daidai.

Wurin da na fi daɗewa a kowane fili shi ne ƙananan murabba'ai biyar na mita 5, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, inda muke ƙidayar tsirran da ba su kai awo ba. Ganinsu da ido bai isa ba. Kowane tsiro sai na tona gindinsa da yatsa ko bakin wuƙa, in ga daga ina ya fito. In na tarar da siririyar saiwa guda ta miƙe ƙasa, tsiron iri ne, ƙwaya ce ta faɗi ta tsira. In na ci karo da dunƙulen icce mai kauri, wani lokaci ya fi cinyar mutum, alhali abin da ke sama bai wuce taƙi biyu ba, to tohon tsohon kututture ne, mai yiwuwa ya girmi mai gonar. Sai in mayar da ƙasar in danna. Dattijon da ke tare da mu ya fi ni saurin ganewa, da ƙafa yake taɓa gindin ya ce mini, "Malam, wannan tsoho ne, kada ka wahalar da yatsanka." In na tona sai in tarar haka ne.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a raya shi ya zama icce. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ya yi aiki a nan Maraɗi ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona, aka raya wajen itatuwa dubu 500. Da rabon ya ƙare, kashi biyu cikin uku aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga iccen girki a kusa, ga iska ta daina binne shuka, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo ba da kuɗin kowa ba. Yadda ake yi ba wuya: a gindi ɗaya ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka share ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawo, da adda mai kaifi kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A Ɗan Saga ta gundumar Agye har kwamitin tsaron itatuwa suka kafa, da mata da makiyaya a ciki. Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a 2018 tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, kuma sun cancanta. Sai dai ni da na ga hannuwan da suka yi aikin, manoman nan nake fara ambata.

Duk tsiron da ban tabbatar da shi ba nakan yanko reshe mai ganye, da fure ko ɗa in akwai, in shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, in matse da katako biyu da igiyar roba, kowace yamma in canza takardar kada ya yi fumfuna. A gefe in rubuta sunan da mutanen garin suka faɗa, don a gwada da na littafi in an koma jami'a. Da damana ta kankama muka sake zagayowa filayen domin ciyayi da kuma ganin tsirran da suka rayu. A makiyaya da burtali abin da na gani ya dame ni: garmani ya mamaye wuri, dabba ba ta damu da shi ba, gamba kuwa sai a iyakar gonar wanda ya dasa ta da gangan don zana.

Tef ba ya auna iccen da ya riga ya ɓace. Wannan sai a bakin mutane. Zama biyu muke yi a kowane gari, na dattawa maza daban, na mata daban, kuma na matan ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin su ke neman iccen girki, su ke tsinko ganyen miya, su suka san tafiyar da ake yi kafin a samu. Nakan zuba tsakuwa a faifai, in ambaci icce, in ce a ware mini yawansa a zamanin ƙuruciyarsu da yawansa yau. Wata tsohuwa ta karɓe faifan daga hannuna ta ce, "Ɗan nan, kawo, kai ba ka san su ba." Ta shiga jero su: marke, kanya, ɗorawa, kaɗanya, faru, ɗinya, taura, tsada, gawasa. Kowanne ta faɗi inda yake a da, gonar wane, bakin wace rijiya. Na ce, "Inna, yaushe rabonki da ganin ƙaramar kirya?" Ta juya ta tambayi sauran, aka yi ta shawara, ba wadda ta iya nuna wuri. Su ne kuma suka ba ni labarin anza a yunwar 2005, yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita kafin a dafa. Tun daga ranar na daina wuce anza a fili ba tare da na duba ta da kyau ba.

Akwai ɓangaren auna iskar kabon da itatuwa ke ajiyewa, wanda masu ba da kuɗin bincike suka fi so. Mun sayi ƴan itatuwa daga masu su, muka sare, muka auna ganga da rassa da ganye a sikeli, muka busar da samfuri a tanderun ɗakin gwaji har nauyi ya daina sauka. Kusan rabin busasshen nauyin icce kabon ne. Da wannan ake fitar da lissafin da zai ba ka nauyin icce daga kaurinsa kawai, ba sai an sake sarewa ba. Na yi shi yadda ya kamata, amma ina da ra'ayi a kai: in har za a sayar da kabon ɗin gonakin nan a kasuwar duniya, wanda ya hana kansa sare iccen shekara talatin shi ya fi kowa haƙƙi a kuɗin.

Daga nan na koma kan alƙaluman ruwan sama na hukumar hasashen yanayi da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai. Shekarun 1950 da farkon 1960 na wadata ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya yi ƙasa, ya zauna a ƙasa har shekarun 1980, layin ruwan da aka saba ya ja kudu da fiye da kilomita 100. Daga shekarun 1990 jimillar ta farfaɗo, amma da wani sabon hali: ruwan yana zuwa ne a dunƙule cikin ƴan kwanaki, tsakaninsu kuma a yi dogon tsayi. Wani binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan hadarurruka masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mu da muka ga ambaliyar damanar 2024 a Maraɗi, gidaje suna zubewa cikin dare, ba sai an fassara mana wannan ba. Ga babban icce mai dogon saiwa jimillar shekara ce ke da muhimmanci. Ga tsiron iri mai wata ɗaya kuwa, mako biyu ba ruwa a cikin Yuli, a kan rairayi mai zafi, ya isa ya kashe shi, ko da watan Agusta zai zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da na shigar da komai cikin kwamfuta na raba kowane irin icce gida-gida bisa kaurinsa, sai hoton ya fito. Iccen da ke cikin ƙoshin lafiya ƙananansa sun fi yawa, matsakaita su bi, manya su zama kaɗan. Haka kalgo yake, haka sabara, haka taramniya, a wasu garuruwan har da gawo da aduwa. Waɗannan ƴan nau'o'in su ne suka cika mafi yawan takardun da muka rubuta. Kirya da ɗanya da tsamiya da sauran manyan itatuwan da tsohuwar nan ta lissafa kuwa, inda aka same su ma, sai manya kawai, gidajen ƙanana a jadawalin fayau. Kamar gari ne da ka shiga ka tarar da tsofaffi zalla a gindin bango, ba kukan jariri ko ɗaya. Wannan ya yi daidai da abin da Patrick Gonzalez da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, cewa a wuraren da suka bincika a Sahel icce ɗaya cikin shida ya mutu tsakanin 1954 da 2002, kuma nau'i ɗaya cikin biyar ya ɓace daga inda aka san shi.

Dalilin ya koma kan abin da yatsana ya yi ta tonowa. Sassaben zamani yana raya abin da ke da kututture mai rai ne. Kalgo da sabara ko sau nawa aka sare su sai sun toho, don haka su suka ci ribar sabon tsarin. Gawo yana da mai yi masa shuka: shanu da awaki suna cin ƴaƴansa da rani, ƙwayar ta fito cikin kashi ta riga ta yi laushi, ta faɗi da takinta. Kirya ba ta da wannan sa'a. Iccenta ne maƙera ke so don gawayi, masassaƙa don turmi da taɓarya, ƴaƴanta kuma mata na kwashewa don daddawa, ƴan ƙwayoyin da suka rage ɓawonsu tauri gare shi, wanda ya tsira akuya ta cinye ko hauya ta ɗauke shi a noman firi. Ɗanya kuma namiji daban take da mace daban. In aka sare mazan don ba sa ba da nunu, ko suka yi nisa da matan, sai ƴaƴa su ragu ba wanda ya lura.

Ba ina rage darajar kalgo da sabara ba ne. Kalgo yana ba da igiya da abincin dabbobi da ganyen tsami, sabara magani ce a kowane gida, kuma bincike a Senegal ya tabbatar da cewa da dare saiwar sabara tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta sake shi a sama, hatsin da ke kusa ya sha. Gawo kuwa ba a magana: yana zubar da ganye da damana ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da komai, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba banza ba ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi tun a ƙarni na 19. Abin da nake cewa shi ne gona mai nau'i huɗu ko biyar ba ta kai mai nau'i ashirin jure wa masifa ba. In wata cuta ko wani fari ya auka wa kalgo, da me za a tsaya?

Raba laifin yanayi da na mutum shi ne mafi wuya, kuma hanyar da na bi ita ce gwada gona da wuraren da gatari ba ya shiga. Da izinin liman da maigari muka duba itatuwan tsofaffin maƙabartu daga bakin shinge, muka kuma auna cikin wasu gonakin da aka killace. A garuruwan kudu, inda aka kare wuri, na ga ƙananan kirya da kanya sun tashi. Wato a can ruwan yana isa, kariya ce babu. A garuruwan arewa ko a maƙabarta babu su, sai aduwa da magarya da anza da jiga, itatuwan da suka saba da ƙishi. A can yanayin ne ya riga ya ja iyaka. Wannan bambanci yana da amfani ga mai shirin dashe, domin kai ɗorawa arewacin Mayahi asarar kuɗi ce da wahalar masu ban ruwa, alhali a Madarunfa shinge kawai take buƙata.

Bayan kaka na koma zauren maigari kamar yadda na yi alkawari. Ban kai jadawali ba. Tsakuwa na sake zubawa, tuli babba na kalgo da sabara, ƴan ƙwayoyi na kirya da ɗanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, itatuwanku sun ƙaru, wannan aikinku ne, ba na kowa ba. Amma waɗannan da ke gefe, in tsofaffin suka faɗi, shi ke nan." Aka daɗe ana muhawara. Wani ya ce ai kirya ba ta dasuwa, wani maƙeri ya ce shi yanzu daga nesa ake kawo masa gawayinta da tsada. A ƙarshe aka tsaya a kan abu uku: kwamitin gari zai sa ido a kan manyan itatuwan da suka rage don su ne uwayen iri, za a bar wani kaso na ƴaƴansu ba a kwashe ba, kuma masu so za su gwada shuka.

Na nuna musu yadda muke yi a gandun renon jami'a: a tafasa ruwa a sauke, a zuba ƙwayar kirya a bar ta ta kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa. Maimakon leda da ban ruwa, muka shuka kai tsaye a gona bayan ruwa ya zauna, a gefen gindin sabara inda ƙasa ke riƙe laima, aka kewaye da ƙayar magarya. Kowane rami na ɗauki lambarsa. Waɗanda suka tsira za mu ƙidaya su a ƙarshen damana, mu sake ƙidayawa a watan Mayu, domin rani na farko shi ne ke nuna wanda zai rayu. Filayen awon kuma suna nan da lambobinsu a ajiye a jami'a da kwafi a hannun kwamitin kowane gari, kuma ɗaliban da ke bayana sun riga sun karɓi na gundumar Agye don awo na biyu.